Wanda Ke Ciyar da Iya

Matar da kowa ke ce wa Yaya ta shekara ashirin da ɗoriya tana wanki da guga a gida kafin otal ɗin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya ɗauke ta aiki a ɗakin wankinsa. Ƙaninta ne ya fara kiranta Yaya tun bakinsa bai gama buɗewa ba, sunan ya bi ta har ya danne na ainihi. Maƙwabta Yaya, masu kawo wanki Yaya, uwarsu ma idan za ta aike ta sai ta ce, Yayarsu. Shekarunta arba'in da bakwai. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo tana aure a wani gari mai nisa. Tana zaune a ɗaki biyu na haya da tsakar gidan da ba ta fi a shanya zanin gado huɗu ba, ita da uwarta, wadda suke ce wa Iya.

Shekara takwas ke nan Iya na wurinta, tun rasuwar mahaifinsu. A shekaru ukun ƙarshe ɓarin jikin Iya na hagu ya mutu rabi da rabi. Sai an ɗaga ta, an kai ta bayi, an yi mata wanka, an juya ta kada baya ya yi gyambo. Bakinta dai lafiya lau yake, haka ma hankalinta. Kafin Yaya ta fita da safe sai ta gama duk wannan, ta ajiye mata abinci da ruwa a gefen dama inda hannunta mai lafiya zai kai, ta bar wa maƙwabciyarsu makulli ta riƙa leƙowa.

Lokacin da take aikin gida, kuɗinta a hannu ake ba ta, cif, babu wanda ya taɓa gutsura. A otal kuwa, ƙarshen wata ya zo da wata 'yar siririyar takarda mai layuka. Karatun Yaya bai yi nisa ba, amma ba ta barin rubutu ya wuce ta. Ta tsaya a bakin injin matse kaya, tururi na dukan fuskarta, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan wanda aka rubuta harajin albashi. Ta ninke takardar, ta hau bene wurin akawu.

Akawun otal ɗin gajere ne mai tumbi, mai son zance, kuma shi ne ya laƙaba mata Sarauniyar Guga tun makonta na farko. Ta ajiye masa takardar ta tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa mata kuɗi. Ya yi dariya har kujerarsa ta yi ƙara. Ya ce ba shi ba ne, hukuma ce, kuma hukuma takan ɗebi nata tun kafin kuɗi ya taɓa hannun mai shi, domin ta san halin mutanenta: in ta bari ya shiga aljihu, sai dai ta bi mutum da sanda. Ya ce shi ma haka ake yi masa, kuma abin haushin shi da hannunsa yake yankar kansa duk wata.

Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya gyara zama ya tambaye ta wa take ɗawainiya da shi. Ta ce uwarta. Ya ce to ai da sauƙi. Akwai rangwame ga mai riƙon tsoho ko tsohuwa. Za a rage abin da ake cire mata duk wata, kuma in shekara ta ƙare a duba rarar da aka riga aka cira a mayar mata a dunƙule. Ya jawo fom ya cike mata da kansa, ta karanto masa lambar katin shaidar Iya da ka, ta sa hannu.

Bayan mako shida ya aika aka kira ta. Wannan karon bai ce Sarauniya ba. Ya ce ofishin haraji sun dawo da fom ɗin. Lambar Iya tana ƙarƙashin wani mai biyan haraji, kuma ta shekara takwas a can.

"Ke kaɗai ta haifa?" ya tambaya.

"Mu biyu ne."

"To ki tambayi ɗayan. Dokarsu ke nan, uwa ɗaya, mai rangwame ɗaya. Ba sa raba ta biyu."

Ba ta buƙaci tambayar kowa ba. Ta tuna makon rasuwar mahaifinsu, ƙaninta ya karɓi katin Iya ya ce zai adana kada ya ɓata cikin hidimar baƙi, ya dawo da shi bayan kwana goma.

Auta suke ce masa. Heluma ne, shugaban leburori a masana'antar fenti. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, suna zaune a hawa na uku na wani dogon bene a ɗaya gefen gari. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata yakan zo da ledar lemo, ya zauna a bakin gadon Iya awa guda, ya ba ta labarin wurin aiki yana kwaikwayon muryar manajansu har ta yi dariya da hawaye. In ya tafi, Iya ba ta yarda a taɓa lemon sai ya kwana biyu a kan tebur, duk wadda ta shigo gaisuwa ta gani, a faɗa mata wanda ya kawo. Auta ba mugu ba ne. Yana cikin mutanen nan masu yawa da ke ganin in sun yi niyyar alheri a zuci, to sun gama aikata shi.

Yaya ba ta kira shi a waya ba. Ta jira Asabar ɗinsa. Da ya gama ba Iya dariya ya fito, ta tare shi a tsakar gida, kusa da teburin gugarta na da, ta miƙa masa wasiƙar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sosa ƙeya. Sai ya shiga bayani da murya ƙasa-ƙasa don kada Iya ta ji. Ya ce a wurin aikinsu kowa yana cike wannan layin, akawunsu ne ma ya ce masa wauta ce mutum yana da uwa a raye ya bar gurbin fayau. Ya ce a lokacin ita ba ta cin albashi, da rangwamen sai dai ya tafi a banza. Ya ce wallahi tun farko niyyarsa ya riƙa kawo mata kuɗin duk wata, amma ta san yadda abubuwa suke, ga haya, ga makarantar yara. Ya ce ta bar maganar a hakan, daga wannan watan zai fara kawowa.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ya je ya cire sunan Iya daga takardarsa. Ya ce in ya je cirewa za su tambaye shi dalili, kuma mutanen nan in suka fara tono ba sa tsayawa.

"Yaya, nawa ne ma abin? Ko kuɗin maganinta na sati biyu bai kai ba."

"Tunda ba komai ba ne, sake shi."

Auta ya duba agogon hannunsa ya ce motar unguwarsu tana wuyar samu in yamma ta yi.

Gaskiyarsa ce, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma Yaya ta san haka. Ba kuɗin take nema ba. A shekara takwas Iya ba ta taɓa buɗe baki a gaban wani ta ce wannan ce ke riƙe da ni ba. Takan ce mata sannu in ta gama yi mata wanka, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya miƙo ruwa. Yaya ta daɗe da ajiye wannan a gefe, tana ganin abin da kowa ke gani da ido ba sai an faɗa ba. Sai ga shi ashe akwai wurin da ake rubuta irin wannan magana, da lamba da hatimi, kuma da aka buɗe wurin sunan wani aka tarar. Abin da take so yanzu shi ne uwarta ta faɗa da bakinta, a gaban wanda zai rubuta.

Akawu ya ce akwai hanya. In 'ya'ya biyu suka yi jayayya a kan uwa ɗaya, ofishin kan kira tsohuwar ta zo da kanta ta faɗi mai ciyar da ita. Ya ce amma ta yi tunani, shi ya ga irin wannan sau biyu, kuma bai ga gidan da ya koma daidai ba. Ya fara wata magana a kan abin da kan biyo baya, ta katse shi ta ce ya rubuta. Ya rubuta.

Da takardar gayyata ta zo, Yaya ta karanta wa Iya ita, ta yi mata bayani daki-daki ba tare da ta zagi kowa ba. Iya ta saurara tana kallon silin. Ta ce ashe har hukuma ta san da zamanta, ita da ta ɗauka an manta da ita tun da ta daina zuwa kasuwa. Ta tambaya ko akwai matakala a ofishin. Yaya ba ta tambaye ta abin da za ta faɗa ba. Ta ga babu abin tambaya.

A makon Auta ya zo sau biyu, kuma ba Asabar ba. Bai ta da maganar haraji ba ko sau ɗaya. Ya zo da guduma da ƙusoshi ya gyara ƙyauren ɗakin Iya da ya shekara biyu yana jan ƙasa. Zuwa na biyu ya zo da gwangwanin fenti daga wurin aikinsu ya shafe bangon da ke kan gadonta, warin ya hana tsohuwar cin abinci har washegari. Iya ta ce in haka ofishin haraji ke sa mutum, to su riƙa aiko da takarda duk wata. Auta ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Yaya tana tsakar gida tana jin su, tana wanke tabon fenti daga tawul ɗin da ya ɗauka bai tambaya ba.

Ranar da aka sa, ta ɗauki hutun rabin yini. Ta yi wa Iya wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata tufafin da ta goge tun jiya. Auta ya zo da tasi, ya biya tun kafin a shiga, yana ɗaga murya direba ya ba shi canji. Da aka zo ɗaukar Iya ya kamo ta ta hannun da ya mutu, ta yi ƙara. Yaya ta ture shi, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar tsohuwar, ta ɗaga ta da ƙugu kamar yadda take yi sau shida a rana.

Ofishin haraji dogon zaure ne mai bencina, da fanka biyu, ɗaya na aiki. Ana ba kowa 'yar lamba a ƙofa. Sun yi awa biyu da rabi suna jira. Auta ya sayo wa Iya ruwan roba mai sanyi, ya buɗe mata, ta sha, ta gaya wa matar da ke kusa da su cewa ɗanta ne, mutum talatin ke ƙarƙashinsa a wurin aiki. Matar ta dubi Yaya ta tambaya ko ita ce mai aikin da aka ɗauka ta kula da ita. Iya ta ce a'a, Yayarsu ce.

Wadda ta kira lambarsu mace ce mai furfura a goshi, da tabarau rataye a wuya da igiya. Ɗakinta ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta, kabad ɗin fayil. Ta sa aka zaunar da Iya a kujerar da ke fuskantarta, sannan ta nuna wa 'ya'yan wasu kujeru biyu da ke jikin bango, a bayan tsohuwar. Ta ce haka take yi. Ta shekara goma sha tara a kan teburin nan, kuma ta lura tsofaffi ba sa amsa tambaya, fuskar 'ya'yansu suke karantawa. Don haka 'ya'ya a baya. Wanda ya yi tari ko ya motsa kujera zai fita waje.

Yaya ta zauna. Abin da take gani kawai ƙeyar uwarta ce, da ɗaurin ɗankwali, da kafaɗar hagu da ta zube ƙasa da ta dama.

Mai tabarau ta gaishe da Iya da ladabi, ta tambayi sunanta da shekarunta, ta duba kati. Sannan ta ce tambaya uku ce kawai.

"Iya, ina kike kwana?"

"A gado, 'yata. Da a ƙasa ne, yanzu ƙashi ya ƙi."

Mai tabarau ta yi ɗan murmushi, ba ta rubuta komai ba. "Wa ke ciyar da ke?"

"Allah."

"Gaskiya ne. Amma gurbin nan ɗan ƙarami ne, sunan mutum mai lamba yake ɗauka."

Iya ta ce kafin ta amsa tana da tambaya ita ma. Wanda ba ta ambata ba, me za a yi masa?

Mai tabarau ta ɗora tabarau a hanci ta duba kwamfuta. Ta ce in Iya ta ambaci ɗan, 'yar ba ta da laifin komai, fom ɗinta ne kawai zai faɗi, a ci gaba da cire mata haraji kamar yadda ake yi. In kuma ta ambaci 'yar, tambaya ta uku ita ce tun yaushe. Duk shekarar da ɗan ya karɓi rangwame alhali ba shi ke riƙon ba, za a dawo da ita kansa, a ɗora tara, a rubuta wa masana'antarsu su riƙa cirewa daga albashinsa har ya gama biya. Ta faɗe shi a hankali, babu ɗagawa babu saukewa, kamar mai karanta ranakun mako.

Iya ta tambaya ko ba za a iya cewa daga bana ba. Mai tabarau ta ce ita abin da aka faɗa mata take rubutawa. Amma in suna ya canja, fayil ya bar hannunta ya tafi hawa na sama, su kuma na sama ba tsohuwa suke tambaya ba, maƙwabta suke tambaya. In bai canja ba, a nan take rufe shi.

Yaya ta ji numfashin Auta a gefenta. Ba ta dube shi ba. Ta san akwai wani abu makamancin haka, shi ne abin da akawu ya fara faɗa ta hana shi ƙarasawa. Ta tsayar da idonta a kan ƙeyar uwarta. Ta ga kan ya ɗan karkata dama, kamar zai juyo, sai ya tsaya.

"Rubuta Auta," in ji Iya.

Mai tabarau ta karanto sunansa na kati, Iya ta ce shi. Ta tambaye ta ko a gidansa take kwana, ta ce e. Tun yaushe, ta ce tun rasuwar ubansu. Mai tabarau ta ɗaga ido ta dubi Yaya ta saman kan tsohuwar, daƙiƙa ɗaya, sannan ta buga abin da aka faɗa mata. Ta fitar da takarda, ta karanta wa Iya daga farko har ƙarshe, har da layin da ke cewa mai dangwala yatsa ya rantse gaskiya ya faɗa. Ta buɗe tawada. Hannun dama na Iya lafiya yake, amma tebur ya yi mata nisa, sai an ɗaga ta an matso da ita. Auta ya miƙe ya tsaya yana neman ta inda zai kama. Yaya ce ta ɗaga ta.

A tasi direba ne kaɗai ya yi magana, a kan tsadar taya. Auta ya sauka a mahaɗar hanya ya ce zai koma aiki. Ya leƙo ta taga ya ce wa Yaya zai zo su zauna su yi magana. Ba ta juyo ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa gori ba. Ta koma aikinta na yamma ta goge zannuwan gadon hawa biyu. Ta gaya wa akawu sakamakon a jimla ɗaya, ya ce Allah ya kyauta, bai ƙara ba. A gida ta ci gaba da komai a kan lokacinsa, wanka, magani, juyi, abinci. Abin da ya ragu shi ne hira. Da takan zauna a bakin gado ta ba Iya labarin abin da baƙin otal ke mantawa a aljihu. Yanzu in ta gama sai ta fita tsakar gida. Mutum yana iya yi wa wani duk abin da ya wajaba a kansa ba tare da ya ba shi komai ba, kuma wanda ake yi wa yakan fi kowa sani.

Kwana huɗu a haka. Rana ta biyar hutunta ne. Bayan wankan safe Iya ta ce ta sauko mata da akwatinta daga saman kabad, ta kira Auta ya zo da mota.

Yaya ta tsaya da tawul a hannu. Ta ce ita ba ta kore ta ba.

"Na sani. Da kin kore ni da abin ya fi min sauƙi."

"To me ya kawo maganar akwati?"

"Na dangwala yatsa na ce a gidansa nake kwana. Matar nan ta karanta min, na ji, na dangwala. Shekara saba'in da shida ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Na baya ba ni da yadda zan yi da shi. Na gaba kuwa ina da yadda zan yi."

Yaya ta ce hawa na uku ne, babu lif, sai matakala, ɗaki biyu ne da mutum shida, kuma matarsa tana fita aiki kamar yadda ita ma take fita. Ta ce wa zai juya ta, wa ya san wane magani ne kafin abinci. Iya ta ce za su koya, ita ma Yaya ba da iyawa aka haife ta ba. Sai Yaya ta yi tambayar da ta kwana huɗu a bakinta. Ta yi ta ne tana ninke tawul, ba ta dubi gadon ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ke kina iya ɗauka. Shi ba ya iyawa."

Wannan ita ce amsar, kuma Iya ta ba da ita ne a matsayin yabo. Iyaye da yawa haka suke rabon kaya. Su ɗora wa wanda ya taɓa ɗauka bai faɗi ba, su ƙara masa, su kira shi mai haƙuri. Yaya ta ajiye tawul, ta hau kujera ta sauko da akwatin.

Auta ya zo a rikice, ko rigar aiki bai cire ba, da fenti a gwiwar hannu. Ya durƙusa a bakin gado ya yi ta magiya. Ya ce takarda ce kawai, an rufe fayil, babu mai zuwa ya duba. Ya ce ya riga ya yanke zai riƙa ba Yaya rangwamen, har ya ninka. Ya ce ɗakin yara ko wurin juyawa babu. Ya juyo ya roƙi Yaya ta sa baki. Yaya tana jera kaya a akwati, ta ce maganar tsakanin uwa da mai riƙonta ce, ita ba ta ciki. Iya ta ce masa ya tashi kada gwiwarsa ta yi ciwo, ya ɗauki katifar.

Sauran yinin ya tafi a koyarwa. Yaya ta zazzage ledar magani a kan tebur, ta ware su kashi-kashi: fari ƙarami da safe kafin a ci komai, mai ruwan ɗorawa bayan abincin rana, rabin ƙwaya da yamma, kuma da wuƙa ake raba ta, ba da haƙori ba. Ta sa shi ya rubuta a bayan kwali. Ta nuna masa robar shimfiɗa, da man da ake shafawa a ƙugu da diddige, da yadda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ta sa ya ɗaga Iya sau uku a gabanta, har ya daina kama hannun hagu. Ba ta rage masa komai ba, ba ta kuma ɓoye wata dabara don a neme ta daga baya ba. Ya yi ta gumi yana cewa to, to.

A dogon benen, direban tasi ya taimaka da akwati da katifa. Iya kuwa Yaya da Auta ne suka hau da ita, suka haɗa hannuwa suka yi mata kujera, suna hutawa a kowane hawa, maƙwabta na leƙowa ta ƙofofinsu. Matar Auta ta tare su da fuskar wadda aka gaya wa magana awa biyu da suka wuce. Ta gaishe da surukarta da ladabi, ta fitar da yara daga ɗakinsu, ta ja gadonsu gefe. Aka shimfiɗa katifa a ƙarƙashin taga. Yaya ta gyara matashi, ta maimaita wa matar duk abin da ta gaya wa mijin, matar tana gyaɗa kai tana duban mijin nata.

Da ta miƙe za ta tafi, Iya ta kamo gefen rigarta da hannunta mai lafiya. Ta yi ƙasa da murya ta ce yarinyar nan ba ta san jikinta ba, kuma tana jin nauyin ta tuɓe a gabanta.

"Ranar hutunki za ki zo ki yi min wanka ko, Yayarsu?"

Auta da matarsa suna tsaye a bakin ƙofa. Su ma amsar suke jira, fiye da mai tambayar ma.

"Zan zo in gaishe ki, Iya."

Iya ta riƙe rigar na ɗan lokaci, sannan ta saki. Ta ce to, Allah ya kai mu. Ta juya fuska wajen taga ta tambayi Auta wane titi ne wancan da manyan motoci ke wucewa.

Yaya ta sauka ita kaɗai, tana riƙe da ƙarfen matakala. Mai tasi ya riga ya tafi. Ta tsaya a bakin titi ta jira motar haya tare da sauran mutane.